Peter Tosh (1944–1987) da Ƙungiyar The Wailers: Tarihin Mawaƙin da Ya Ƙi Sassautawa

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci The Wailers, sunan Bob Marley ne ke fara zuwa baki, har wasu na ɗaukar ƙungiyar a matsayin makaɗansa kawai. Tarihi bai nuna haka ba. Daga 1963 zuwa 1974 ƙungiya ce ta mawaƙa masu haɗa murya, kuma ginshiƙanta uku ne: Marley da Bunny Wailer da Peter Tosh. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Tosh domin fito da gudummawarsa, da kuma dalilin da ya raba shi da abokan tafiyarsa a daidai lokacin da duniya ta fara sauraronsu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Winston Hubert McIntosh ranar 19 ga Oktoba, 1944, a yankin Westmoreland da ke yammacin Jamaika, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Ya tashi a hannun dangi, ya kuma fara waƙa a coci. Yana matashi ya koma Kingston, babban birnin ƙasar, ya zauna a Trench Town, unguwar talakawa mai cunkoso. A nan ne wani mawaƙi mai suna Joe Higgs yake tara samari a tsakar gida yana koya musu haɗa murya kyauta. A wannan zama Tosh ya haɗu da Marley da Neville Livingston, wanda daga baya aka sani da Bunny Wailer. Tosh ya zo musu da abu biyu: murya mai kauri da iya kaɗa jita.

Daga Ska zuwa Reggae

Jamaika ta sami 'yancin kai a 1962, kuma kiɗan da ya yi tashe a lokacin shi ne ska, mai sauri da yawan busa. A 1963 samarin uku, tare da Junior Braithwaite da Beverley Kelso da Cherry Smith, suka shiga Studio One, kamfanin Clement Dodd. Waƙarsu "Simmer Down", wadda ke jan kunnen matasan unguwa kan ta da fitina, ta hau matsayi na ɗaya a Jamaika a farkon 1964. Suna ya samu, amma kuɗin da ya shiga hannunsu bai taka kara ya karya ba, kuma sauran ukun suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar 1966 ta sauya alƙiblarsu. Marley ya tafi Amurka neman aiki na wasu watanni, Tosh da Bunny suka riƙe ƙungiyar. A Afrilun shekarar Sarkin Habasha, Haile Selassie, ya ziyarci Jamaika, ziyarar da ta ƙarfafa aƙidar Rastafari, wadda su ukun suka runguma. Kiɗa ma ya sauya: ska ya ba da wuri ga rocksteady, mai tafiya a hankali, wanda ya ba muryoyi sarari su fito sosai. Daga nan reggae ya tsiro wajen 1968. A tsakanin 1970 da 1971 suka yi aiki da Lee Perry, inda suka samu 'yan'uwan nan biyu, Aston da Carlton Barrett, masu jitar bas da ganga. Tun a wannan zango waƙar Tosh mai suna "400 Years" ta nuna inda zuciyarsa take, wato tarihin bauta da tabon da ta bari.

Rabuwa

A 1972 Chris Blackwell na kamfanin Island ya ba su fam 4,000 su yi kundin waƙoƙi. "Catch a Fire" da "Burnin'" duk sun fito a 1973, kuma a na biyun ne aka sami "Get Up, Stand Up", wadda Tosh da Marley suka rubuta tare. Sai dai kasuwar Turai da Amurka ta saba da tauraro guda a gaba, saura a baya, kamfanin kuma ya karkata ga Marley. Bunny ya daina fita yawon wasa a 1973. Tosh, wanda a wannan shekara ya yi mummunan haɗarin mota da ya ci ran budurwarsa, bai yarda ya koma ɗan amshi a ƙungiyar da ya kafa da hannunsa ba. Ya fita a 1974, sunan kuma ya koma Bob Marley and the Wailers.

Tafiyarsa Shi Kaɗai

Kundinsa na farko, "Legalize It" na 1976, kira ne da a halatta tabar wiwi, wadda 'yan Rastafari ke amfani da ita a ibadarsu, kuma 'yan sanda ke fakewa da ita su kama talakawa. An hana sa waƙar a rediyon Jamaika. "Equal Rights" na 1977 ya fi faɗi, domin ya taɓo wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da kuma asalin Afirka na baƙar fata a duk inda suke.

Ranar 22 ga Afrilu, 1978, aka yi babban taron waƙa na neman sulhu a filin wasa na ƙasa da ke Kingston, bayan rikicin siyasa ya ci rayuka. Hoton da duniya ta riƙe shi ne na Marley yana haɗa hannun Firaminista Michael Manley da madugun adawa Edward Seaga. Amma kafin nan Tosh ya tsaya a gaban shugabannin biyu ya yi doguwar magana, yana ɗora musu alhakin talauci da zaluncin 'yan sanda, bisa ra'ayinsa cewa sulhun da bai tsaya kan adalci ba ba zai ɗore ba. Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka kama shi, suka yi masa dukan da ya kusa hallaka shi. A shekarar ya sa hannu da kamfanin ƙungiyar Rolling Stones, ya fitar da "Bush Doctor". "Mama Africa" ya biyo baya a 1983.

Rasuwarsa

Ranar 11 ga Satumba, 1987, 'yan bindiga uku suka shiga gidansa a Kingston suna neman kuɗi. Jagoransu, Dennis Lobban, mutum ne da Tosh ya taimaka wa bayan ya fito daga kurkuku. Suka harbe shi, wasu baƙinsa biyu ma suka rasa rayukansu. Ya rasu yana da shekara 42. Kundinsa na ƙarshe, "No Nuclear War", ya ci kyautar Grammy a 1988.

Kammalawa

Ƙasar da ta hana jin waƙarsa ta karrama shi da lambar Order of Merit a 2012, ta sassauta dokar wiwi a 2015, aka kuma buɗe gidan tarihi da sunansa a Kingston a 2016. Wannan karramawa ba ta gyara yadda ake ba da labarin The Wailers ba. Mai nazarin waƙa da ya saurari faya-fayen 1964 zuwa 1973 zai ji muryoyi uku suna ɗaukar juna, kowace da aikinta. Wanda ya jingina wannan aiki ga mutum ɗaya ya bi tallar kamfani ne, ya bar abin da ke cikin faifan.