Archibald Garrod, likitan da ya gano gado cikin fitsari

An haifi Archibald Garrod a birnin Landan cikin 1857, mahaifinsa ma likita ne. Yana aiki a asibitin yara sa'ad da ya tsaya kan wata cuta da ba a ɗauke ta a bakin kome ba: fitsarin jariri kan koma baƙi in ya sha iska, har ya rina tsumma.

Da ya bi asalin masu ita, sai ya tarar da yawansu 'ya'yan auren zumunta ne. Cikin 1902 ya bayyana cewa gado ce. Uwa da uba lafiyarsu ƙalau, amma kowanensu na ɗauke da irinta. In iri biyun suka gamu a jikin ɗa, sai jikin ya kasa narkar da wani sinadari. Daga nan ya nuna cewa kowane mutum da nasa haɗin sinadarai, maganar da likitocin zamaninsa suka yi wa riƙon sakainar kashi.

Yaƙin duniya na farko ya ci 'ya'yansa maza biyu, mura ta kashe na uku cikin 1919. Shi kuwa ya rasu cikin 1936.

Yau na'ura kan auna ɗaruruwan sinadarai cikin 'yar kwalbar fitsari, masana lissafi su dube su a haɗe, domin gano sauyin da ɗaya tilo ba ya nunawa. Da irin wannan awo ake neman alamun guba tun ciwo bai fito ba, abin da ya shafi mahaƙan zinariya na Cibarakaten da tsofaffin ma'aikatan uraniyom na Arlit.