A'isha Fallatiyya, 'yar malam da ta buɗe wa mata ƙofar rediyo

Mu Hausawan Wad Haddad mun san sunan Fallata, sau da yawa da reni ake jefo mana shi. Shi ya sa nake son ɗalibaina su san A'isha Musa Ahmad.

A Kasala aka haife ta, iyayenta Sakkwatawa ne da hanyar hajji ta kawo Sudan. Ta yi karatun allo wurin mahaifinta a Omdurman, sannan ta shiga waƙar biki. Malam bai so ba sam, har ya aurar da ita don ta bari. Auren bai ɗore ba.

A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfani ya ɗauki muryarta a faifai a Alƙahira. Waƙoƙinta na tumtum, masu kiɗan rawa, suka bazu. A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, 'yar'uwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu. Wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan don haushi, masu sauraro kuwa ko a jikinsu.

Ta rasu a 1974, ta bar waƙoƙi fiye da 150, kuma da sunan Fallatiyya Sudan ke tunawa da ita. Allah ya jiƙanta.