JOHN AMBROSE FLEMING, MALAMIN DA YA ƘAGO ƘWAN REDIYO

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, ina jin ba wanda ya manta ranar da malamin kimiyya ya sa mu ɗaga hannun hagu, mu buɗe yatsu uku, wai muna koyon dokar Fleming. Mun haddace ta don jarrabawa kawai. Sai da na ɗauko tsohon akwatin rediyon marigayi mahaifina daga gidanmu na Maƙarfi, wanda ya saya a Zariya da kuɗin rake, na buɗe bayansa don in gyara, sannan na sake gamuwa da mutumin. Ƙwayayen gilashin nan da ke ciki, masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi zafi rediyo ke magana, daga hannunsa suka samo asali.

An haifi Fleming a garin Lancaster na Ingila a 1849. Gidansu ba masu hali ba ne, saboda haka sai ya riƙa koyarwa yana tara kuɗin karatu, har ya kai Jami'ar Cambridge, inda ya zauna gaban shahararren masanin nan Maxwell. Daga baya ya zama shehun malamin fasahar lantarki a Landan, ya shafe kimanin shekara 40 yana koyarwa kafin ya yi ritaya a 1926. Dokar yatsun nan ma don sauƙaƙa wa ɗalibansa ya tsara ta.

A 1899 kamfanin Marconi ya ɗauke shi mai ba da shawara. Shi ya tsara babbar na'urar aika saƙo ta Poldhu, wadda a Disambar 1901 saƙonta ya tsallake Tekun Atlantika. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: duniya Marconi ta yi wa tafi. Abin ya yi wa Fleming ciwo, duk da haka bai ajiye aiki ba.

Ga shi kuma kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin saƙon da kyau, sai ya nemi hanyar da zai gan shi da ido a jikin ma'auni. Ya ɗauko ƙwan fitilar da aka zuƙe wa iska, mai farantin ƙarfe a ciki, ya nuna cewa lantarki na bi ta cikinsa ta fuska ɗaya kawai, ba ya komowa. A Nuwambar 1904 ya yi masa rajista. A 1906 Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara masa waya ta uku, ya zama mai ƙara ƙarfin sauti. Da irin waɗannan ƙwayaye iyayenmu a Ikara da Kudan suka fara sauraron Kaduna da Landan. An ba Fleming sarautar Sir a 1929, ya rasu a 1945 yana da shekara 95.

Daren da rediyon Baba ya sake magana, malamanmu na tuna. Sun sha alli, mu muka tafi da suna. Waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye kuwa, mu neme su mu gaishe su tun suna ji.