Doug Harvey: Na Gaba Ya Koma Baya

A ƙasar Kanada, wasan ƙwallon gora a kan ƙanƙara shi ne kamar dambe a wurinmu, kuma a cikin masu tsaron baya da wuya a sami kamar Doug Harvey. An haife shi a birnin Montreal cikin 1924. Ya shiga kulob ɗin Canadiens a 1947, suka ci Kofin Stanley sau 6 tare da shi. Lambar gwanin masu tsaron baya kuwa sau 7 ya karɓe ta.

Tsiyar ta faro ne a 1957, sa'ad da ya tsaya kan kafa ƙungiyar 'yan wasa. Manyan kulob suka ƙullace shi, a 1961 aka tura shi New York. Bayan nan ya yi ta yawon ƙananan kulob-kulob, ga giya ta kama shi, ga larurar da ke juya masa hankali. Ya bar wasa a 1969. Daga baya har a tsohon taragon jirgin ƙasa ya zauna. Ciwon hanta ya kashe shi a 1989, yana da shekara 65.

To, 'yan'uwa masu neman abinci a Kudu, ƙarfi ba ya dawwama. A yi tanadi tun da sauran ƙuruciya.