Farfesa Claude Ake: Ɗan Omoku da ya bambanta jefa ƙuri'a da yin zaɓi

Idan ana lissafin 'yan Najeriya da suka yi bincike mai zurfi kan dimokuraɗiyya da mulki a Afirka, da wuya a tashi ba a ambaci Farfesa Claude Ake ba. Da yawanmu mazauna Fatakwal, Legas, Aba da Ibadan ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali a Fatakwal ya yi mafi yawan aikinsa, kuma tambayar da ya ƙare rayuwarsa a kanta ita ce wadda muke yi wa juna bayan kowane zaɓe: me ya sa talaka yake bin layi ya dangwala, amma rayuwarsa tana nan yadda take?

An haifi Ake ranar 18 ga Fabrairun 1939 a garin Omoku, ƙasar Ogba, cikin jihar Ribas ta yanzu. Yanki ne da daga baya ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake haƙo mai da iskar gas. Ya yi sakandare a King's College ta Legas, ya wuce jami'ar Ibadan ya gama a 1962, sannan ya tafi Amurka ya yi digirin dokta a jami'ar Kolombiya a 1966. Shekara guda bayan haka ya fitar da littafinsa na farko, A Theory of Political Integration, kan yadda sabuwar ƙasa mai ƙabilu da yawa za ta haɗa kanta. A shekarar ce kuma yaƙin basasa ya ɓarke a gida.

Ya koyar a Amurka da Kanada, sannan ya dawo Afirka ya koyar a Nairobi da Darussalam ta Tanzaniya. Darussalam a zamanin Nyerere matattara ce ta malamai masu zafin ra'ayi irin su Walter Rodney, kuma zaman da ya yi can ya sauya masa tunani sosai. A 1977 ya dawo gida ya shugabanci tsangayar nazarin zamantakewa a sabuwar jami'ar Fatakwal. Daga nan littattafai suka riƙa fitowa: Revolutionary Pressures in Africa a 1978, Social Science as Imperialism a 1979, sai A Political Economy of Africa a 1981. A na 1979 ɗin ya caccaki yadda malaman Turai da Amurka suke auna Afirka da mudun da suka ƙera wa kansu, duk abin da bai yi kama da nasu ba sai su kira shi ci baya. A shekarun 1980 ya shugabanci CODESRIA, ƙungiyar masu bincike ta Afirka da ke da hedikwata a Dakar.

To, mene ne ainihin abin da ya gano? A taƙaice, ya ce matsalar ta faro daga irin gwamnatin da Bature ya bari. Gwamnatin mulkin mallaka an gina ta ne don danniya da kwasar dukiya, ba ta da wanda take jin tsoro a cikin ƙasa. Da aka samu 'yanci, shugabanninmu suka gaje ta yadda take. Tunda kwangila, lasisi, fili, aiki da ɗan sanda duk suna hannun gwamnati, wanda ya hau kujera ya samu komai, wanda ya faɗi ya rasa komai, har tsaron ransa. Shi ya sa siyasa ta koma kamar yaƙi. Mutumin da kullum hankalinsa ke kan yadda ba za a ture shi ba, yaushe zai zauna ya yi tunanin asibiti da makaranta? Daga nan Ake ya kai ga hukuncin da ya fi shahara da shi: a ganinsa aikin raya ƙasa a Afirka tun farko ba a ɗauke shi da gaske ba, balle a ce an gwada ya gaza.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a farkon shekarun 1990, ƙasashe suka koma tsarin jam'iyyu da yawa, mutane suna ta murna. Ake bai ƙi zaɓe ba, amma ya ja kunne. Ya ga yadda gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri jam'iyyu biyu da kanta a 1989, SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, daga baya kuma ta soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Ya nuna cewa mutum zai iya jefa ƙuri'a ba tare da ya zaɓi komai ba. 'Yan kara za su fi kowa gane wannan. Idan dillalai suka haɗa baki suka gabatar maka da shanu biyu, suka ɓoye sauran, suka kuma yanke kuɗi tun kafin ka iso, ai ka nuna ɗaya da hannunka, amma cinikin ba kai ka yi shi ba.

Bai tsaya kan suka kaɗai ba. A 1991 ya kafa cibiyar bincike mai zaman kanta a Fatakwal, wadda aka fi sani da CASS, maimakon ya tare a ƙasar waje kamar yadda malamai da yawa suka yi a lokacin matsin tsarin SAP. A littafinsa Democracy and Development in Africa na 1996 ya zayyana irin dimokuraɗiyyar da yake ganin za ta yi aiki. Yana son majalisa mai ƙarfi da za ta iya taka wa shugaba birki, kuma a sauko da iko ƙasa kusa da jama'a. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da sojoji suka rushe majalisa a 1966, da 1983, da 1993. Yana son haƙƙin ɗan ƙasa ya haɗa da ilimi, lafiya da abin yi. Ya kuma ba da shawarar a kafa zaure na biyu a majalisa da zai wakilci al'ummomi, manya da ƙanana, sannan a ware wa ma'aikata, mata da matasa kujeru.

Kan ƙabilanci ma ra'ayinsa ya bambanta da na mutane da yawa. Bai yarda cewa ƙabila ita ce cutar ba. A cewarsa mutum yana fakewa a ƙungiyar 'yan garinsu ne saboda ita ce ke tsaya masa ranar rashin lafiya, ranar mutuwa da ranar da aka kama shi, gwamnati kuwa sai ranar karɓar haraji. 'Yan siyasa ne ke ɗaukar wannan zumunci su mai da shi makami. Duk wanda ya san aikin da fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suke yi a garuruwan kudu, ya san akwai gaskiya a nan.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo a zamanin Abacha. Ake yana cikin kwamitin binciken muhallin yankin Neja Delta da kamfanin Shell ya ɗauki nauyi. Da aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a gidan yarin Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, sai ya ajiye muƙamin don nuna rashin amincewa, a lokacin da yin hakan kan iya jawo wa mutum ɗauri. Shekara guda bayan haka, ranar 7 ga Nuwamban 1996, ya hau jirgin kamfanin ADC daga Fatakwal zuwa Legas. Jirgin ya yi ƙoƙarin kauce wa karo da wani jirgi a sama, ya faɗa ruwa kusa da Ejirin. Mutum sama da 140 da ke ciki babu wanda ya tsira. Yana da shekara 57.

Bai ga komawar mulkin farar hula a 1999 ba. Littafinsa na ƙarshe, The Feasibility of Democracy in Africa, sai a 2000 ya fito, kuma jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ta kafa kujerar farfesa da sunansa.

Yau an haura shekara 25 ana zaɓe ba yankewa, kuma ma'aunin da ya bari yana nan da amfaninsa. Mu da muke biyan kuɗin rumfa da na kara a garuruwan da ake ce mana baƙi, idan ɗan takara ya zo da shinkafa da atamfa, akwai tambayoyin da suka fi su daraja. Wa ya tsayar da shi? Ina za mu same shi bayan an rantsar da shi? Idan aka tashi kasuwarmu, zai iya miƙewa a zauren majalisa ya yi magana? Amsar da muka samu ita za ta nuna mana ko zaɓi muka yi, ko dangwale kawai.