Likitan Da Kaji Suka Nuna Wa Asirin Dusa

An haifi Christiaan Eijkman a garin Nijkerk na ƙasar Holan ran 11 ga Agusta, 1858. Ya koyi aikin likita a Amsterdam. Cikin 1886 aka aike shi tsibirin Java tare da waɗansu likitoci su binciki beriberi, watau wata cuta mai shanye ƙafafu, ta kumbura jiki, ta raunana zuciya. Tana ta kashe sojoji da fursunoni, masana kuwa suna zaton ƙwayar cuta ke kawo ta.

Ana nan sai kajin da yake gwaji da su a Batavia, wadda yau ake kira Jakarta, suka kama tangaɗi kamar masu beriberi, daga baya kuma suka warke. Da ya bi diddigi, ya tarar ragowar farar shinkafar asibitin soja ake ba su, sa'an nan sabon kuku ya hana, aka koma ga wadda ba a surfe ba. Ashe lafiyar tana cikin dusa.

Shi dai ya ɗauka guba ce a farar shinkafa, dusa kuwa makarinta. Magajinsa Gerrit Grijns ya nuna cikin 1901 cewa wani abu ne jiki ke rasawa. Shi ne bitamin B1, wanda jijiyoyi ba su aiki sai da shi.

An ba Eijkman lambar Nobel cikin 1929. Ya rasu a Utrecht ran 5 ga Nuwamba, 1930. Duk mai surfa hatsi har ya yi fari fat, ya tuna da kajin Java.