Julia Lathrop: Matar da ta ajiye muƙami don kada siyasa ta cinye masu sa ido kan gidajen tsare yara

A shekarar 1901, wata mata a jihar Illinois ta Amurka ta ajiye kujerarta a hukumar da ke duba gidajen marayu da na gajiyayyu da asibitocin masu taɓin hankali. Ba korarta aka yi ba. Ta tafi ne saboda gwamnatin jihar ta mayar da guraben aikin wuraren nan ladan 'yan siyasa, ita kuwa ta ga cewa wanda ɗan siyasa ya ɗora a kujera ba zai tona asirin ubangidansa ba.

Sunanta Julia Lathrop, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kotun yara ta farko a Amurka.

An haife ta ranar 29 ga Yunin 1858 a garin Rockford. Mahaifinta lauya ne da ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai. Ta gama kwalejin Vassar a 1880, ta yi shekaru tana aiki a ofishin mahaifin nata, sannan a 1890 ta koma Hull House, gidan taimakon talakawa da Jane Addams ta buɗe a wata unguwar baƙin haure a Chicago.

Gani da ido

A 1893 Gwamna John Peter Altgeld ya naɗa ta a hukumar, kuma ita ce mace ta farko da ta shiga cikinta. Ba ta zauna jiran rahoton shugabannin gidajen ba. Ta zagaya gundumomi 102 na jihar, tana shiga ɗaki ɗaki. Ta tarar an cakuɗa yara da tsofaffi da marasa lafiya da masu taɓin hankali wuri guda, a hannun ma'aikatan da ba su da horo.

A lokacin, dokar Illinois ta yarda a gurfanar da yaro ɗan shekara 10 kamar baligi, a kuma kulle shi tare da manyan masu laifi. Lathrop da Lucy Flower da ƙungiyar matan Chicago suka haɗa kai da lauyoyi suka matsa wa majalisar jiha lamba. Dokar kotun yara ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1899, ga yara 'yan ƙasa da shekara 16, kuma Richard Tuthill ne alƙalin farko.

Sai dai majalisar ta yi dokar ba ta ware kuɗi ba. Babu albashin jami'an da za su riƙa bibiyar yaran a gidajensu, babu kuma wurin ajiye su kafin shari'a. Matan suka kafa kwamiti, wanda Lathrop ta jagoranta, suka tara kuɗin albashi, suka kuma riƙe gidan tsare yaran da kansu.

Rikicin guraben aiki

Da gundumar Cook ta karɓi biyan albashin a 1905, sai gardamar da Lathrop ta hango ta taso: wa zai ɗauki jami'an, wa kuma zai bincike su? A 1911 shugaban majalisar gundumar, Peter Bartzen, ya dakatar da babban jami'in bibiyar yara, John Witter, bisa zargin sakaci. Magoya bayan kotun suka ce guraben aiki yake nema wa mutanensa. A ƙarshe ikon naɗa jami'an ya koma hannun alƙalai, aka kuma sa kwamitin mutanen gari ya riƙa tantance masu nema ta hanyar jarrabawa.

A 1912 Shugaba William Howard Taft ya naɗa Lathrop shugabar sabon ofishin kula da yara na tarayya, mace ta farko da ta shugabanci ofishi irin wannan. Ta riƙe shi har 1921. Ta fi mayar da hankali kan binciken mace-macen jarirai da rajistar haihuwa, domin a ganinta sai an ƙirga matsala kafin a iya kama wani da alhakinta.

Inda aikin ya gaza

Kotun da suka kafa tana da nata rauni. An ɗauki alƙali tamkar uba, don haka aka rage lauyoyi da ƙa'idojin shari'a, ikonsa ya yi yawa, mai duba shi ya yi kaɗan. Sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa yara haƙƙin samun lauya, a shari'ar Gerald Gault, ɗan shekara 15 da aka yanke wa tsarewa har ya kai 21 kan zargin kiran wayar batsa. Da baligi ne, hukuncin ba zai wuce wata biyu ko tarar dala 50 ba.

Lathrop ba ta ga wannan rana ba. Gwagwarmayarta ta ƙarshe a garinsu ta yi ta, inda aka yanke wa wani yaro ɗan shekara 17 hukuncin kisa kan laifin kisan kai. Ta yi ta rubuta wasiƙu tana tara masu goyon baya don a sassauta masa. Ta rasu ranar 15 ga Afrilun 1932 tana da shekara 73. A shekarar da ta biyo baya, Gwamna Henry Horner ya mayar da hukuncin yaron zuwa ɗauri.